Idan ba a ga fuska ba, ta yaya jiki yake faɗin abin da ke zuciya?

Ummu Sadiya ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon masu sani a wannan zaure su warware mini wata tambaya da abubuwa biyu suka jefa mini, ɗaya a gida, ɗaya a wurin aiki, kuma tsakaninsu bai kai wata guda ba.

Ƙanena ya tafi duba sunayen waɗanda aka ɗauka aiki, bayan jarrabawar da ya shafe watanni yana shirinta. Bai dawo ba sai bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida ni da Hajiyarmu. Da ya fito daga soro ba mu ga fuskarsa ba, in ban da duhun mutum da ke tahowa babu abin da ido yake kamawa, amma tun kafin ya ƙarasa sallama sai Hajiya ta ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, zo ka ci abinci." Haka kuwa abin yake, babu sunansa. Da na tambaye ta daga baya yadda ta gane, cewa ta yi, "Ke ba ki ga yadda yake jan ƙafa ba?"

Abu na biyu shi ne wanda ya hana ni sukuni. Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata. Kuɗi suka ɓace a jakar wata ɗaliba, na tsaya gaban aji ina tambaya, sai idona ya faɗa kan wata yarinya da ta sunkuyar da kai, tana murza bakin hijabinta, kafaɗunta suna rawa. Nan take zuciyata ta yanke cewa ita ce, har na tuna da maganar magabata cewa marar gaskiya ko a ruwa gumi yake yi. Ban doke ta ba, amma na yi mata magana mai zafi a gaban 'yan ajinsu. Bayan kwana biyu aka tsinci kuɗin a tsakiyar littafin mai su, inda ita da kanta ta saka ta manta.

Hajiya ta duba jiki cikin duhu ta dace, ni kuwa na duba da rana tsaka na yi kuskure. Shin akwai ilimi tabbatacce a kan yadda muke gane fushi ko baƙin ciki ko tsoro daga motsin jikin mutum? Da shi ake haifar mu, ko koyonsa muke yi? Kuma a ina ya kamata mutum ya tsaya da yarda da abin da idonsa ya nuna masa?

Abu Halima ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Wannan fanni ne da nake koyarwa, saboda haka zan ɗan tsawaita, a yi mini haƙuri.

Abin da Hajiya ta yi cikin duhu, wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin, Gunnar Johansson, ya mayar da shi gwaji a shekarar 1973. Ya ɗaura ƙananan fitilu kamar goma zuwa goma sha biyu a manyan gaɓoɓin mutum, wato kafaɗu da gwiwar hannu da wuyan hannu da ƙugu da gwiwoyi da idon sawu, sannan ya ɗauki hotonsa mai motsi a wuri mai duhu, ta yadda mai kallo ba zai ga fuska ko tufafi ko fata ba, sai ɗigon haske kawai. Muddin ɗigogin ba su motsa ba, babu wanda yake ganin komai a cikinsu illa haske a warwatse kamar taurari. Da zarar mutumin ya ɗaga ƙafa sai kowa ya ce ga mutum yana tafiya, kuma daga baya Johansson ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya isa ido ya gane haka. A 1977 James Cutting da Lynn Kozlowski a Amurka suka nuna cewa daga waɗannan ɗigogi kaɗai mutane suna iya bambance tafiyar namiji da ta mace, har ma su gane abokansu fiye da yadda canki zai bayar, ko da yake suna yawan kuskure.

Batun yanayin zuciya ya shigo ne bayan haka. A 1996 Winand Dittrich da abokan aikinsa a Ingila suka sa ƙwararrun 'yan rawa biyu, mace da namiji, su nuna tsoro da fushi da baƙin ciki da murna da mamaki da ƙyama. Waɗanda suka ga cikakken jiki sun dace a kashi 88 cikin 100, waɗanda suka ga ɗigon haske kawai sun dace a kashi 63, kuma da aka kifar da hoton ƙafa sama kai ƙasa sai ganewar ta faɗi warwas, alhali motsin bai canza ba. Wannan ya nuna cewa ido yana neman jiki ne yadda ya saba ganinsa, mai nauyi, mai taka ƙasa.

Gwajin da na fi so, domin shi ne ya fi kusa da tambayarki, shi ne na Frank Pollick a jami'ar Gilasgo a 2001. Shi ko jiki gaba ɗaya bai nuna ba, hannu ɗaya kawai ya nuna yana ƙwanƙwasa ƙofa ko yana kai abin sha baki, cikin yanayi dabam-dabam. Abin da ya fito fili shi ne cewa saurin motsi da fizgarsa su ne suke gaya wa mai kallo ƙarfin abin da ke cin mutum: fushi da zumuɗi suna zuwa da sauri da fizga, baƙin ciki da gajiya suna zuwa da nawa da sanyi. Duk wanda ya taɓa jin an dangwarar masa da kwanon abinci a gabansa ya san wannan ba tare da ya shiga jami'a ba. Sai dai ga inda gizo yake saƙa: sauri yana faɗin zafin abu, amma bai cika faɗin ko na daɗi ne ko na ɓacin rai ba. Yaron da ya shigo gida a guje, ko albishir ya kawo ko kare ya biyo shi. Wanda yake jan ƙafa, ko an hana shi aiki ko zazzaɓi ne yake damunsa.

To me ya sa Hajiya ta dace? Domin ba ƙafa kaɗai ta duba ba. Ta san inda ya je, ta san amsa biyu ce kawai zai iya dawowa da ita, kuma ta san takunsa na kullum tun ranar da ya fara tatata. Jan ƙafar ya zo ne ya zaɓa mata ɗaya cikin biyu. Ke kuwa kin ga tsoro a jikin yarinyar, kuma ina da yaƙinin ba ki yi kuskure a nan ba, tsoron ne kuwa. Kuskuren ya shigo ne a mataki na gaba, inda kika ba tsoron dalili.

Wannan ba laifinki ba ne ke kaɗai, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. A 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel suka nuna wa ɗalibai 34 a Amurka wani gajeren hoto mai motsi wanda babu komai a cikinsa sai alwatika babba da ƙarama da wata 'yar da'ira suna zagaya wani akwati mai ƙofa. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, in ban da mutum ɗaya, duk sai suka ba da labarin masu rai: wannan azzalumi ne, wannan tana jin tsoro ta ɓuya, waɗannan biyu suna son juna. Idan alwatika za ta iya zama azzaluma a idonmu saboda yadda take motsi, ina ga yarinya mai rawar kafaɗa a ranar da kuɗi suka ɓata?

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma a mafi yawan lokuta haka ne. Amma a 2012 Hillel Aviezer da Yaacov Trope da Alexander Todorov suka ɗauko hotunan ƙwararrun 'yan wasan tanis a daidai lokacin da suka ci ko suka rasa maki mai muhimmanci. Waɗanda aka nuna wa fuska kaɗai sun kasa bambance mai nasara da wanda ya yi asara, domin idan abu ya kai maƙura fuskar murna da ta takaici kusan ɗaya suke zama. Waɗanda aka nuna wa jiki ba fuska sun bambance. Da aka ɗora fuskar wanda ya yi asara a kan jikin mai nasara sai mutane suka ce fuskar murna ce, kuma da yawa daga cikinsu suna ganin a fuskar suka gano amsar.

Game da ko da shi ake haifar mu, akwai hujja cewa tushensa na halitta ne. Masu bincike a Padova ta Italiya sun nuna a 2008 cewa jariran kwana biyu sun fi tsayar da ido a kan ɗigogin da suke tafiya irin ta kaza fiye da waɗanda suke motsi barkatai. A wannan shekarar kuma Jessica Tracy da David Matsumoto suka binciki hotunan 'yan kokawar judo a gasar Olamfik da ta nakasassu da aka yi a Girka a 2004. 'Yan wasan da aka haifa da makanta, waɗanda ba su taɓa ganin wani ya yi murna ba, idan suka yi nasara sai su buɗe ƙirji su ɗaga hannuwa, idan aka kayar da su sai kafaɗu su zube, ƙirji ya tsuke, daidai da masu gani.

Dattijon Damagaram ya amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Malam Abu Halima, Allah ya ƙara sani, na ƙaru da bayaninka. Sai dai ina da ja a kan wuri ɗaya, kuma ba daga littafi na samo shi ba, daga yawon fatauci ne. Duk waɗannan gwaje-gwaje da ka kawo, ko dai an ce wa mutum ya nuna abin da ke ransa, ko kuwa an kama shi a filin wasa inda babu mai hana shi. Mu kuwa tun muna yara horon da ake yi mana shi ne mu hana jiki magana, ko mu sa shi ya faɗi abin da ya dace da wurin.

Ɗiyata Ummu Sadiya, yarinyar da kika ce ta sunkuyar da kai, me kike so ta yi? A gidajenmu yaron da babba yake yi wa faɗa ya tsaya ya zuba masa ido, shi ne ake kira marar kunya, har a ce tsaurin ido gare shi. An koya mata tun tana ƙarama cewa idan babba yana magana a sadda kai ƙasa, sai ga shi ranar da ta yi abin da aka koya mata, shi ya zama shaida a kanta. Ba ina ɗora miki laifi ba ne, ni ma na yi irinsa a kan yaran shagona ba sau ɗaya ba.

Ku duba kunyar ɗan fari. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma idan aka zo mata da albishir cewa ya yi abin kirki a gaban mutane, sai ta ci gaba da tankaɗen da take yi kamar ba da ita ake ba. Baƙon da bai san al'ada ba zai koma garinsu ya ce ya ga uwar da ba ta son ɗanta. Amma matan gidan sun san inda za su duba, domin hannun da yake tankaɗen ya ƙara sauri, kuma ba da jimawa ba za ta tashi ta shige ɗaki ba tare da wani dalili ba. A nan na yarda da maganar Malam a kan sauri, sai dai wanda ya san gidan ne kaɗai zai san cewa hannu ake kallo.

Na yi shekaru ina hulɗa da Buzaye a hanyar Agadas. Namijinsu yana naɗa rawani ya rufe baki da hanci, kuma idan ya haɗu da wanda yake jin nauyinsa, musamman suruki, sai ya ƙara jan rawanin sama har sai idanu kawai suka rage. Da farko na ɗauka rufe mini fuska da wani dattijo yake yi ƙi ne, ashe girmamawa ce. Sai da na daɗe a cikinsu na fara gane mutum daga yadda yake zama, da yadda yake miƙo kofin shayi, da lokacin da hannunsa yake kai wa ga rawani. Haka ma saurayin Fulani a filin shaɗi, ana zuba masa bulala yana tsaye ƙyam yana murmushi, wani ma yana duba madubi. Wane ne zai ce ba ya jin zafi? Ai duk taron sun zo ne su ga ko jikinsa zai tona masa asiri.

Akwai kuma jinjina. Mutum ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana girgizawa, a wata ƙasar wannan neman faɗa ne ko zanga-zanga, a wurinmu gaisuwar ban girma ce. Wanda ya ga hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga yadda mahaya suke sukuwa da masu da takubba a ɗage, su nufo sarki gadan-gadan, sai sun zo daf su ja linzami su yi jinjina. Idan aka ɗaura wa waɗannan mahaya fitilun da Malam ya faɗa aka nuna wa mutanen Suwidin, na tabbata cewa za su yi hari aka kawo wa sarki. Kuma yaron da ya maƙe kafaɗa ɗaya, kowane Bahaushe ya san ƙi yake nufi, alhali na ji an ce Turawa idan suka ɗaga kafaɗu rashin sani suke nufi. Saboda haka ni a ganina jiki ma yana da yare, kuma kowace ƙasa da nata.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Baba Dattijo ya yi maganar al'ada, ni kuma zan ƙara da abin da muke gani a asibiti, domin akwai wani abu na uku da yake canza motsin mutum wanda ba zuciya ba ne kuma ba tarbiyya ba ce, wato ciwo.

Mai cutar Parkinson, wadda take kama tsofaffi galibi, fuskarsa takan daskare, takunsa ya gajarce, hannuwansa su daina lilo idan yana tafiya, jikinsa ya ranƙwafa gaba. Sau da yawa iyalai sukan zo suna cewa Baba ya daina sakin fuska, ko fushi yake yi da su, ko girman kai ya shige shi, alhali yana nan da son jikokinsa kamar da, jikin ne ya daina isar da saƙon. Haka yaro mai ciwon sikila ko mai ƙarancin jini yakan zauna jugum a aji, a ɗauke shi malalaci ko mai ƙunci.

A ɗaya gefen kuma, akwai lokacin da tafiya take faɗin gaskiyar da baki ya ɓoye. Masu bincike a Jamus sun auna tafiyar masu ciwon tsananin damuwa a 2009, suka samu cewa sun fi sauran mutane tafiyar hawainiya, lilon hannunsu ya ragu, kafaɗu sun zube, jiki yana yawan karkata gefe da gefe. A wurinmu inda amsar gaisuwa ita ce lafiya lau ko da mutum yana cikin wuta, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Mace za ta shigo ɗakin awo da niƙabi ta ce babu komai sai alheri, amma yadda ta zauna a bakin kujera ta haɗe gwiwoyi ta rungume jakarta yakan sa in rufe ƙofa in ƙara tambaya a hankali. A lokacin korona, a 2020, da kowa ya sa takunkumi, dukanmu mun koma duban kafaɗa da hannu da taku.

Abin da aka koya mana, kuma aiki ya tabbatar mini, shi ne in na ga alama a jiki in mayar da ita tambaya. Ba na rubuta a kati cewa mara lafiya tana cikin damuwa domin na ga ta yi tagumi, sai dai in ce, "Hajiya, na ga kamar jikinki a sanyaye, ko akwai abin da ke damunki?" Wani lokaci kuka ne yake biyo baya, wani lokaci kuwa sai ta ce haƙori ne yake mata ciwo.

Almajirin Zaure ya amsa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in tunatar da cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan al'amari ta ɓangarorinsa biyu. A Suratul Ƙasas, aya ta 25, da aka zo labarin matar da ta zo kiran Annabi Musa, alaihis salam, bayan ya shayar musu da dabbobi a Madyana, ba a siffanta fuskarta ba, cewa aka yi ta zo masa tana tafiya cikin kunya. A Suratul Kahfi, aya ta 42, mai gonar da ta halaka an nuna nadamarsa ne da cewa ya wayi gari yana jujjuya tafukansa. A Suratu Luƙman, aya ta 18 da ta 19, an hana tafiyar taƙama a bayan ƙasa, an yi umarni da tsakaitawa a cikin tafiya. Da taku ba ya ɗauke da abin da ke zuciya, da ba a yi masa doka ba.

Amma a Suratu Yusuf, aya ta 16, 'yan uwan Annabi Yusuf, alaihis salam, sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, alhali su ne suka jefa shi a rijiya. Ga marasa gaskiya da hawaye shaɓe-shaɓe, ga kuma ɗalibar Malama mai gaskiya tana rawar jiki. Littattafan sira kuma sun kawo cewa a ranar Uhudu sahabi Abu Dujana ya ɗaura jan ƙyalle a kansa yana tafiyar taƙama tsakanin rundunoni biyu, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana cewa tafiya ce da Allah yake ƙi sai dai a irin wannan wuri. Tafiya ɗaya ce, wurin da aka yi ta ne ya canza hukuncinta. Shi ya sa a shari'a ba a kama mutum da sata domin ya yi gumi, sai da shaidu ko iƙirari.

Abu Halima ya sake amsawa:

Ranka ya daɗe, Baba Dattijo, ban ƙi ta taka ba, kuma binciken judo da na kawo yana goyon bayanka ta wata fuska da ban ambata ba. A cikinsa an ga cewa 'yan wasa masu gani daga Arewacin Amurka da Yammacin Turai, inda ake ɗaukar nuna jin kunya a matsayin rauni, sukan danne zubewar kafaɗa idan aka kayar da su, alhali waɗanda aka haifa da makanta ba su dannewa. Ke nan halitta ce take ba da motsin, al'ada kuma take cewa a saki ko a riƙe. Tun a 1872 Charles Darwin ya lura da asalin abin a jikin kare, wanda idan ya nufo da faɗa yakan miƙe ya sandare, idan ya gane ubangidansa ne sai ya yi laƙwas yana kaɗa jela.

Inda nake ganin ka ɗan zarce shi ne cewa kowace ƙasa da nata yaren. Jinjina da maƙe kafaɗa da durƙusawa alamu ne da jama'a suka yi ittifaƙi a kansu, kamar kalmomi, dole a koye su. Amma nauyin jikin mai baƙin ciki da fizgar mai fushi sun ƙetare iyakoki. Masu bincike daga kwalejin Dartmouth ta Amurka sun je wani ƙauyen ƙabilar Kreung a arewa maso gabashin Kambodiya, inda mutane ba su da cuɗanya sosai da waje, suka ba su wata ƙwallo a kwamfuta wadda ake iya saita saurinta da tsallenta da karkatarta, aka ce su sa ta nuna fushi ko murna ko natsuwa ko baƙin ciki ko tsoro. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna saitinsu ya yi kama da na ɗaliban Amurka ƙwarai. Kusa da mu ma, a ƙauyukan Burkina Faso, Tracy da Richard Robins sun samu cewa mutanen da ba su yi boko ba suna gane tsayuwar alfahari a hotunan baƙin da ba su taɓa gani ba.

A kan gano ƙarya kuwa, Malama, ga abin da zai ɗan sanyaya miki rai. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo suka tattara bincike sama da 200 da ya ƙunshi mutane fiye da 24,000, suka samu cewa matsakaicin dacewar mutum wajen bambance mai gaskiya da maƙaryaci kashi 54 ne cikin 100, alhali wanda ya rufe ido ya yi canki zai samu 50. A wannan shekarar kuma aka buga wani bincike da ya tambayi mutane a ƙasashe 58 yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce ba ya iya haɗa ido, amma da aka auna masu ƙarya na haƙiƙa ba a samu cewa sun fi masu gaskiya kawar da ido ba. Paul Ekman, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya daɗe da yin gargaɗi cewa tsoron mai gaskiya na kada a ƙi yarda da shi, a ido, ba shi da bambanci da tsoron mai laifi na kada a kama shi.

Sannan a yi hattara da wata magana da ake yawan yaɗawa a tarurrukan horar da ma'aikata, wai kashi 7 cikin 100 na saƙo ne kawai yake cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a jiki. Lambobin sun fito ne daga ƙananan gwaje-gwaje biyu na Albert Mehrabian a 1967, a kan kalma guda da aka furta da murya dabam-dabam tare da hotunan fuska, domin a ga ko mai magana yana son wanda yake yi wa magana. Ba a ma auna motsin jiki a ciki ba, kuma shi da kansa ya ce ba a fahimce shi ba. Da haka ne, da ba mu buƙatar tafinta idan muka je Sin.

Ummu Sadiya ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba, maganarka ta yi mini zafi da na fara karantawa, amma gaskiya ce, domin ni kaina haka aka tarbiyyantar da ni, kuma har yau ba na iya haɗa ido da kawuna.

Jiya bayan an tashi na kira yarinyar a gaban waɗanda na yi mata faɗa a gabansu, na ce na zalunce ta, ta yafe mini. Na lura da ita sosai a wannan karon. Kanta a sunkuye yake, yatsunta suna murza bakin hijabin nan, kafaɗunta suna rawa, babu abin da ya bambanta da ranar da na zarge ta. Sai da ta juya za ta koma wurin zamanta na ga takun ya canza, har tana ɗan haɗawa da sassarfa, ƙawarta ta riƙo mata hannu.

Na ba Hajiya labarin fitilun Johansson da daddare. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko shi Baturen biyansa aka yi ya gano wannan.